Gidajen da Likita Yake Nema

Daminar da gudawa ta shigo layinmu na bayan Kasuwar Kilomita Biyar, ina da 'ya ɗaya, ban jima da yaye ta ba. Kowa ya san rijiyarmu ce sanadi, tana dab da kwata. To ina za mu je? Ita kaɗai ce a kusa.

Wani Bature likita ya zo da tafinta mai jin Hausa da Sango, yaren garin. Ya ce gwamnati ba za ta kawo famfo ba sai ya nuna cewa gidajen da ke kusa da rijiyar sun fi na nesa ciwo.

Na ce, "Malam, gaya masa ya leƙa layin nan mana. Makaho ne?"

Tafinta bai fassara wannan ba. Ya ce wai gidajenmu sun yi kaɗan, a gida kaɗan ciwo yana iya taruwa haka kawai. Likita ya riga ya ƙayyade yawan gidajen da yake bukata, na kusa da na nesa, har wajen unguwar Yakite. Idan ba su cika ba, babu magana.

Na ji haushi, amma na ɗauki mayafi na bi gida-gida ina neman su yarda likita ya ƙirga su. Na nesa suka ƙi, 'ya'yansu lafiya lau. Wata tsohuwa a Titin Kuduku ta ce mini, "'Yar nan, ranar da Nasara ya ƙirga gidan nan, aka tafi da ɗana aikin tilas na layin dogo. Har yau ina jira." Na wuce gida na gaba.

Na roƙa, na yi faɗa, wata ma na zage ta, Allah ya yafe mini. Ruwan rijiyar kuwa muna ta sha. Ina tafasawa in akwai itace.

Gudawar ta kama 'yata ran wata Laraba, kafin Juma'a an rufe ta.

Mata suka cika tsakar gida wajen gaisuwa, har waɗanda suka rufe mini ƙofa. Tsohuwar nan ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "Ki gaya wa Nasaran ya zo, ya ƙirga mu." Sauran suka ce su ma.

Gidajen suka cika har da ƙari. Tafinta ya zo da kansa ya gaya mini, yana murna, wai yanzu likita ya ga abin a fili. Na tashi na shiga ɗaki, don in na buɗe baki ba alheri zai fito ba.