Rabin Aji da Ruwan Tumatir

Ina aji biyar aka buɗe rabin aji a firamaren ƙauyenmu da ke bayan Kura. A da, sai yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunne kafin a ɗauke shi makaranta. Sai ga shi gwamnati ta ce a kawo har waɗanda hannunsu bai kai ba, a shimfiɗa musu tabarma, a koya musu waƙa da ƙirge. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai boko ya koma raino. Ni kam ban yi dariya ba, don ajin nan shi ya tsaya mini.

Sana'ar Inna turara shinkafa ce, kullum tsakar gidanmu wuta da manyan tukwane. Ƙanena kuwa, autanmu, bai cika shekara huɗu ba, ga ƙiriniya kamar ɗan akuya. Dole wani ya tsare shi, kuma Baba ya riga ya yanke cewa ni ce, in ajiye karatu. Da aka buɗe rabin aji Inna ta yi ta lallashin Baba har ya sauko, amma da sharaɗi.

"Ku tafi tare," ya ce mini. "Amma ranar da ko ƙwarzane ya samu yaron nan saboda makarantar nan, daga ke har shi kun gama."

Baba ba ya magana biyu. Na riƙe maganar nan kamar ƙwai a cokali.

Tsakanin unguwarmu da makaranta akwai kanal, wato hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. An dafe ta da siminti, zurfinta ya kai ƙirjin babban mutum, gada kuma tana can nesa. Ruwa ba kullum yake zuwa reshenmu ba, yana da ranakunsa. In ba ranar ruwa ba ce, kowa ta ciki yake sauka ya haye, har tsofaffi. 'Yan rabin aji da hantsi ake tashinsu, su taho gida a ayari, mu kuwa sai azahar. Malamarsu 'yar birni ce, daga Kano take shigo motar haya kowace safiya. Da ta zo aka gaya mata ranakun ruwa, ta haddace su tsaf. A irin ranakun takan tsare yaran a gindin darbejiya har yayyensu su tashi, su zagaya da su ta gada. Ba ta taɓa kuskure ba.

Abin da ba a gaya mata ba shi ne manomi ba ya jiran rana in shukarsa na ƙishi. A ranin nan tumatirin Baba ya fara fure, zafi ya taso, ganye ya yi laushi. Shi da maƙwabtan gonarsa suka je suka roƙi mai buɗe ruwa ya matso musu da ranar. Aka sanar a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, inda ake sanar da duk abin da ya shafi gona. Duk magidanci ya ji. Malama kuwa tana can Kano tana neman mota, kuma babu wanda ya tuna cewa yanzu makaranta ma tana da ruwa da tsaki a maganar ruwa. Ni ma na ji Baba yana gaya wa Inna muna shan koko, ya shiga ta nan ya fita ta can.

Muna cikin darasin lissafi na jiyo 'yan rabin aji suna rera waƙar tashi. Kullum ina jin ta, ba ta dame ni ba. Ran nan sai muryar Baba ta dawo mini: yau da hantsi za a sako.

"Malam, zan fita," na ce.

Malaminmu mutum ne da ko ƙuda ba ya so ya gitta masa yana rubutu. Bai ko juyo ba. "Zauna."

"Malam, ruwa za a sako!"

"Ke ce mai buɗewa? Na ce ki zauna."

Bulalarsa tana kan tebur, na san daɗinta sarai. Na tsallake benci na fice. Ina ji yana kira, ban waiga ba. Na bi ta gaban darbejiya, babu yaro ko ɗaya, sai Malama tana naɗe tabarmi. Na ƙwala mata ihu cewa an canza ranar ruwa, na wuce.

Tun kafin in isa na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Suna ciki kuwa, kusan dukansu. Ba ma hayewa suke ba, wasan sulu suke a jikin simintin, su hau su zamo suna ƙyalƙyala dariya. Daga sama ga bakin ruwan nan yana tahowa, ja, yana turo busasshen ganye da ledoji. Ba gudu yake ba, shi ya sa yaran suka tsaya kallo, wasu har da tafi.

Na dira ciki na fara ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Malama, ba takalmi, hijabi ya karkace. Ta kwanta rub da ciki a bakin kanal tana karɓa tana jefawa bayanta, tana salati. Ruwan ya taɓa idon sawuna, sanyi ƙalau. Kafin in miƙa yara kaɗan ya kai gwiwa. Simintin ya jiƙe ya zama santsi, yaro ya kama ya zamo, ya kama ya zamo. Dariya ta koma kuka.

"Auta! Ina auta?"

Yana can ƙasa da mu, ya bi takalminsa da ruwa ya cire masa. Ina kallo ruwan ya kwashe ƙafafunsa, goshinsa ya bugi siminti, ya nutse. Ban san yadda na kai gare shi ba. Rigar makarantarsa na damƙo, wadda Inna ta sa aka ɗinka da girma don ya daɗe yana sawa, har muna tsokanarsa da mai babbar riga. Na ɗago shi yana tari, jini yana bin fuskarsa. Malama ta miƙo hijabinta, na kama da hannu ɗaya, ta ja mu da taimakon wasu mata da ihu ya fito da su.

Ta ƙirga yaran, ta sake ƙirgawa, suka cika. Sannan ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ni kuma goshin auta nake kallo. An ce ko ƙwarzane, ga tsaga har da jini. Kunya nake ji in faɗa, amma a lokacin, bayan na ga yana numfashi, makarantata na fara tunawa.

Muna nan sai ga Baba a guje, taɓo har gwiwa. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba. Yana tsaye ne a bakin gonarsa da shebur yana jiran ruwan da ya roƙa, sai ruwan farko ya kawo masa takalmin roba shuɗi, ƙafa ɗaya, wanda shi da kansa ya sayo a kasuwar Kura. Yana riƙe da shi a hannu. Ya ɗauki auta ya duba goshin, ya dube ni, ya dubi ruwan.

Da magariba ko tuwonsa bai taɓa ba. Na wanke kayan makarantata na shanya, ina cewa a raina wankin ƙarshe ke nan. Haushi ya cika ni, na rasa wa zan ba laifi, ga shi ba a mayar wa uba magana.

Da safe ban sa kayan ba, na ɗauki tsintsiya. Baba ya shigo daga waje, hannunsa duk sartse.

"Me kike jira? Rana ta yi."

Na shirya. Ya saɓa auta a kafaɗa, na bi bayansu. A bakin kanal, daidai inda muke sauka, an jera azara an ɗaure da waya, har da sandar dafawa daidai tsayin ƙananan yara. Na gane su. Azarar da Baba ya daɗe yana tarawa ce a bayan gida don rufin ɗakin da ya gina wa kansa. Ya sauke auta, ya tsaya yana kallo har muka haye.

Malam ya yi mini bulalata a ranar, ban ko ji zafinta ba. Ɗakin Baba kuwa haka damina ta same shi a buɗe, ta cinye bangon har ƙasa.