Mai Shara da Layin da Aka Cire

Mai Shara suke ce mata a ofis, ita kuwa ko a jikinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana kwashe ƙazantar da wasu suka bari a direba, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata. Ƙa'idar ba wuya. In aka jona na'ura, a ware mata gurbi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Wanda ya riƙe gurbin, in ya gama ya saki, kuma ba a gogewa sai na ƙarshe ya saki. Takan ce ko mai aron tsintsiya ya san wannan.

Kamfaninsu na ƙera wani abu da ake maƙalawa a yatsa don auna bugun zuciya. Matsalarsa, in aka zare wayar da ta haɗa shi da kwamfuta ana tsakar awo sai kwamfutar ta mutu, don an goge gurbin alhali wani ɓangaren yana riƙe da shi. Aka ba wani abokin aikinta, Gwani, gyaran, shi ne ma ya raɗa wa kansa sunan. Minti ashirin ya dawo yana hura hanci.

Ta duba gyaran. Ashe layin umarnin da ke sakin gurbin ya cire gaba ɗaya. Yanzu duk zarewa sai ta bar mataccen gurbi, gawa kan gawa, ba mai binnewa.

Kwana biyu ta yi tana jonawa tana zarewa har yatsanta ya kumbura. Wajen zarewa ta dubu uku ƙwaƙwalwar ta cika. Allon bai mutu ba, da ma ya mutu. Daskarewa ya yi a kan lambar ƙarshe, kamar lafiya lau.

"Haba Malama," in ji Oga, yana sakace haƙori, "wa zai zauna ya zare sau dubu uku?"

"Ranka ya daɗe, nas. Daga gado zuwa gado, kuma ba sa kashe kwamfutar."

"Ke dai kin cika neman magana."

Ta ƙi sa hannu a takardar amincewa da gyaran. Oga ya sa da kansa, Gwani ya samu ƙarin girma, ita aka mai da ta ɗakin tsofaffin firinta. Tun ranar ko shayin ofishin ba ta iya haɗiyewa.

Bayan wata biyar aka kwantar da mahaifiyarta a asibiti. Tana shiga ta hango abin awon kamfaninsu a yatsan tsohuwar.

"Kwantar da hankalinki," nas ta ce. "Tun safe bugun zuciyarta saba'in da biyu yake, ko gezau."

Mai Shara ta miƙa hannu ta zare wayar. Lambar ba ta motsa ba.

Ta damƙi wuyan hannun tsohuwar tana lalube. "Mama? Mama!"