Ranar da Ba Ajimi Ya Musanya Katin Yagana

Kafin ya zama mai kula da katin marasa lafiya, Ba Ajimi, wato Baba Ajimi a bakin Kanuri, dillalin shanu ne. Kakanninsa makiyaya ne, amma shi a gari ya tashi. Ya shekara ashirin da ɗoriya yana kai-komo a Kasuwar Shanu, har ranar da wani bijimi ya take masa gwiwa, ta ƙi komawa daidai. Da tsayuwar yini ta gagare shi, sai ya karɓi gadi a wani ƙaramin asibiti a unguwar Mairi, mai ɗakuna huɗu da darbejiya a tsakar gida. Likita Munawwara ce mai wurin, irin likitan nan da ke duba gida guda tun daga jariri har kaka.

Ba a daɗe ba ta lura da shi. Yana jin Kanuri da Larabcin Shuwa da Hausa, ya yi ajin yaƙi da jahilci har yana karanta boko, kuma in ya ga fuska sau ɗaya ta zauna masa. Ta ɗauke shi daga bakin ƙofa ta ba shi teburin kati. Shekara tara ya yi a teburin nan ba a taɓa kuka da shi ba.

Sai wata Litinin cikin watan Afrilu. Zafi ya kai zafi, mutane sun cika rumfa har waje. Wata dattijuwa ta matso, ƙamshin turaren wuta na binta, ta ce ta zo karɓar maganinta na wata. Ya san ta sarai: Yagana Abakar, mai sayar da turare a unguwar Dala. Suka gaisa da Kanuri, ya zaro kati ya miƙa ciki, ya juya ga na bayanta. Likita ta auna jininta, ta rubuta a ci gaba da maganin da ke kan kati. Dzarma mai ba da magani ya ƙirga ƙwayoyi ya ba ta, ta tafi.

Bayan azahar Ba Ajimi na mayar da katuna akwatinsu, sai ya tarar da katin Yagana ta Dala yana nan a mazauninsa, babu hatimin ranar a kansa. Ya dubi na hannunsa. Yagana Abakar, unguwar Fezzan. Wata ce daban, mai ciwon suga. Ta Dala hawan jini kaɗai gare ta.

Ya daɗe a zaune da katuna biyu a kan cinya. Babu wanda ya gani. Zuciyarsa ta ce masa wataƙila ba komai, ai magani magani ne. Amma ya sha jin Likita na gargaɗin masu suga kada su sha ƙwayar nan da yunwa, balle wadda ba ta da ciwon. Ya tashi da ɗingishinsa ya ƙwanƙwasa ƙofa.

"Likita, na yi ɓarna."

Ta karɓi katunan ta duba. Ya zaci za ta daka masa tsawa. Sai ta ce, "Baba, ƙarfe nawa ta fita?"

"Wajen sha ɗaya."

Ta kira lambar da ke kan katin ta Dala, a kashe. Ta ba waɗanda ke jira haƙuri, ta zuba na'urar awon suga da ruwan allura a jaka, ta ce masa, "Kai ka san fuskarta. Mu je."

Keke napep ya sauke su a Dala. Adireshin da ke kan kati kawai shi ne "bayan injin niƙa". A layin nan kaɗai aka nuna musu gidan Yagana uku. Sai da Ba Ajimi ya ce mai turare, sannan wata mata ta kai su har ƙofa.

Sun same ta kwance a tabarma, gumi ya jiƙa mata zane, hannuwanta na karkarwa, tana magana ba kan gado. Surukarta Saude na mata fifita, tana cewa zafin rana ne. Tsohuwar ta sha maganin tun dawowarta, kuma ba ta ci komai ba sai kunu rabin kofi. Likita ta durƙusa a ƙasa, ta soki yatsarta ta auna, ta ce a kawo suga da ruwa maza. Da hannunta ta tallabo kan tsohuwar tana ba ta cokali-cokali. Ba Ajimi na tsaye a bakin ƙofa yana salati, yana kallon yadda idon matar ke dawowa kaɗan-kaɗan, har ta dube shi ta ce, "Ajimi, me ya kawo ka gidana?"

Ana cikin haka ɗanta Mikail ya shigo daga kasuwa, yana tambayar abin da ya sami mahaifiyarsa. Ba Ajimi ya sunkuyar da kai. A ransa ya san yadda aka saba: a ce jikin tsufa ne, a wuce.

Likita ta miƙe ta ce, "Malam Mikail, ba ciwonta ba ne. Mu ne muka ba ta maganin wata mai irin sunanta. Kuskurenmu ne, kuma ina neman gafararku. Maganin yakan daɗe a jiki, don haka dole a kwantar da ita a sa mata ido har gobe."

Mikail ya yi faɗa, faɗa mai zafi. Ba Ajimi ya matso ya ce, "Ɗana, ni ne na ɗauko katin." Likita ta tare shi: "Hannu uku maganin nan ya bi kafin ya iso gidan nan, kuma ni na rubuta shi. Ban tambaye ta komai ba." Tun da Ba Ajimi yake bai taɓa ganin mai ilimi da matsayi ya tsaya a tsakar gidan talaka ya faɗi haka da bakinsa ba.

Yagana ta warware. Washegari Likita ta tara ma'aikatanta biyar kafin a buɗe ƙofa. Ba Ajimi ya zo da shirin sallama, har ya naɗe sallayarsa. Ba ta tambayi wa ya yi ba. Ta ce kowa ya faɗi inda abin ya zame masa. Suka zazzage akwatin kati kaf, suka sami Yagana arba'in da ɗaya, shida daga ciki 'ya'yan Abakar. Daga ranar duk katin da ke da takwara aka ja masa jan layi, kuma a teburin kati, da ɗakin likita, da tagar Dzarma, sai mutum ya faɗi sunansa da na mahaifiyarsa da unguwarsa da bakinsa. Ta rubuta abin da ya faru duka, har da nata sakacin, ta ajiye inda kowane ma'aikaci zai karanta.

Mikail ya ɗauke iyalinsa ya koma wani asibiti, kuma Likita da kanta ta rubuta musu takardar bayanin magungunan tsohuwar. Mutane sun yi ta ƙorafin yawan tambaya, wasu tsofaffi ma kunyar ambaton sunan uwa suke ji a bainar jama'a, sai Ba Ajimi ya kawo kunnensa kusa su raɗa masa.

Yana nan a teburinsa har yau, gemu ya yi fari fat. Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, wurinsa ake fara tura shi, ya zaunar da shi ya ba shi labarin nan daga farko, ba ya rage nasa laifin ko kaɗan. In ya zo wurin da Likita ta tsaya gaban Mikail, yakan goge ido da bakin rawaninsa kafin ya ci gaba.