Tsuntsun da Kande Ta Gaskata

Duk wanda ya san Mandera ya san Kande mai kaɗi. Ko bai san fuskarta ba, ya san zarenta. A Bodinga aka haife ta, aure ya kai ta Mandera a ƙasar Shagari, ta tafi da mazarin uwarta a ƙullin zane. Shekara hamsin tana murza auduga. Masaƙa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, zaren kanti ya cika kasuwa, ita dai ba ta ajiye ba. Cewa take hannunta bai iya zaman banza ba.

To, amma ba zare ke tara yara a tsakar gidanta bayan la'asar ba. Wani wasa ne da ita da ƙanenta Maniru suka taso da shi, suna ce masa kama-maƙaryaci. Sai a jefo tsohuwar kalma, irin wadda ta kusa mutuwa a bakin mutane, kamar abawa ko zugu. Manya biyu ko uku, kowa ya ɗaure fuska ya faɗi ma'anarta. Ɗaya ne mai gaskiya, sauran ƙirƙira suke yi. Yara su zaɓa, sannan Kande ta yanke hukunci, don ba a taɓa samun kalmar da ta gagare ta ba. Dokar wasan ɗaya ce, kuma ta uwarsu ce: wanda ya yi ƙarya sai ya amsa da bakinsa kafin a tashi.

Maniru tela ne a kasuwar Bodinga, kuma kaf dangi ba wanda ya kai shi iya shirya ƙarya. Ya taɓa sa yara suka yarda cewa abawa ciwon kunnen jaki ne, har ya ba su maganinsa. Kande ta bari ya gama tsaf, sannan ta ce, "Kai dai Maniru, da ɗunkinka ya kai ƙaryarka kyau, da ka daɗe da zuwa Makka."

Bara, bayan an cire albasa, Maimuna 'yar Kande ta kira shi a waya. Ta ce, "Kawu, Inna ta hwara rikicewa." Wai Kande ta zuba gishiri a kunu. Ta tambaya ko maigidanta ya dawo daga fadama, mutumin da ya shekara takwas a ƙasa.

"Tsuhwa na kawai," in ji Maniru. "Ni ma jiya na nemi almakashi shina hannuna. Bari in zo, ki ga yadda za ta kama ni."

Ya rufe shago ya hau mota, yana zaɓen kalma a hanya. So yake ya sami wadda ko daga barci aka tashe ta za ta sani, don ya tabbatar wa Maimuna, da kansa ma, cewa yayarsa tana nan yadda take. Sai ya zaɓi sutu, wato audugar da aka gyara aka naɗa, tana jiran mazari. Abin da Kande ta riƙe a hannun hagu kusan kullum a rayuwarta.

Da ya isa ta gane shi. Ta tambayi iyali, ta yi masa faɗan rama. Ya kalli Maimuna, irin kallon nan na kin gani ko. Yara suka taru.

"Sutu," ya ce. "Maimuna, hwaɗi taki."

Maimuna ta faɗi gaskiyar, a taƙaice, ba ta ɗago kai ba.

"Allah shi kyauta," in ji Maniru. "Sutu tsuntsu na, ɗan ƙarami mai jan wuya. Shina zuwa hwadamar Danchadi lokacin dashen albasa. Ba shi cin komi sai raɓa, kuma in yag ga marowaci sai shi juya mai baya."

Yara suka fashe da dariya. Ko su ba su ruɗu ba, duka suka bi Maimuna. Aka juya ga Kande.

Ta daɗe tana kallonsa. "Mai jan wuya," ta ce a hankali. "I, na san shi. Maniru na da gaskiya."

Ya jira dariyar da ta saba biyo baya, da baƙar maganar nan a kan ɗinkinsa. Maimuna ta tashi ta shiga madafa, alhali ba ta ɗora komai ba.

Da ya so, da ya yi gum, ba mai tuhumarsa. Amma tun yana ɗan shekara shida bai taɓa tashi daga wasan nan da ƙarya a bakinsa ba. Kuma yana ganin in ya warware mata dalla-dalla, wani abu zai motsa a ranta.

"Adda, ƙarya niy yi. Babu wani tsuntsu."

"To mi na na?"

"Auduga ta. Ki gurje ta bisa dutsi ki hidda gurya, ki shiɓe ta har ta yi laushi, ki naɗa. Ke kik koya mani. Kin taɓa make mani hannu don na taɓa maki shi da maiƙon ƙuli-ƙuli."

Ta saurara har ƙarshe, kai a karkace, yadda take yi in tana auna magana. Sai ga murmushin nan nata na da, na wadda ta kama ɓarawo a rumbu.

"Wagga ita ta ƙaryar," ta ce. "Wa ka zama shi yi ma auduga wagga wahala duka? Ka rage hannu, Maniru. Da ka tsaya ga tsuntsun."

Yaran suka zuba masa ido, suna jiran ya musa.

"Kin kama ni, Adda," ya ce.

Ta ji daɗi ƙwarai. Ta gyara zama, ta ce ya ƙara mata labarin tsuntsun: ina yake sheƙa, ƙwai nawa yake yi, yaya kukansa. Maniru ya share fuska da hannun riga ya fara. Ya yi ta ƙirƙira mata har aka kira magariba, ita kuwa tana gyaɗa kai tana cewa, "Hakanan na. Hakanan na."