Tururuwa a Cikin Ludayi

A ƙauyen da aka kai ƙanwata aure, can bayan Gwiwa, tururuwa ce take yanke hukuncin ko jariri zai sha nonon uwarsa. Ba wasa nake yi ba. Baƙar tururuwar nan da take jan ƙwayar gero a gindin rumbu, ita ce likitarsu. In mace ta haihu, ba za a bar ta ta shayar ba sai an tatsi nononta a ludayi an jefa tururuwa a ciki. In ta fita da ƙafarta, nono lafiya lau. In ta mutu, to mugun nono ne, mai kashe 'ya'ya. Har yau ban ji wanda ya taɓa tambayar ko tururuwa ta iya iyo ba.

Mai wannan babban aiki gwaggon mijin ƙanwar tawa ce, ita ce kuma unguwarzomar garin. Kowa Gwaggo yake ce mata, har sa'o'inta. Doguwa ce, busasshiya, bakinta ja wur da goro. Kallon mutane take yi kamar duk ita ta yanke musu cibiya, kuma a gaskiya yawancinsu ita ta yanke. Ban taɓa jin ta ce "ban sani ba" a kan komai ba. Na tsani matar nan, ba zan ɓoye ba, kuma shekarun da suka wuce ba su rage min komai ba.

Mahaifiyarmu ta rasu tun kafin ƙanwata ta yi aure, don haka ba ta da inda za ta je wankan gida. A ɗakinta take haihuwa, ni nake tasowa daga Kazaure in tsaya mata a matsayin uwa. Ni kuwa nawa 'ya'yan duk a asibiti na haife su, inda ake ɗora miki jariri a ƙirji tun jikinsa bai bushe ba, a ce ki ba shi ya kama. Ruwan farkon nan mai kauri da ake ce wa dakashi, duk sun sha shi, babu wanda ko atishawa ya yi dominsa.

Haihuwarta ta fari namiji ne, kuma a gabana aka yi gwajin. Da yake mai jego tana jin kunyar manya, 'yar'uwarta ake miƙa wa ludayin, su shiga bayan labule ta taya ta tatsa. Ni aka miƙa wa. Na shiga, na fito da shi, Gwaggo ta jefa tururuwarta. Tururuwa ta yi ɗan wutsil-wutsil ta miƙe ƙafa, ɗaki ya ɗauki salati. Aka ɗora ƙanwata a kan jiƙe-jiƙen saiwoyi wai a wanke nonon, yaron kuma aka ɗora shi a kan nonon akuya, ana sirkawa da ruwan randa ana ɗura masa da cokali. Kwana uku da suna gudawa ta kama shi. Maɗigarsa ta faɗa, Gwaggo ta kwaɓa wani abu ta shafe masa kai da shi. Ranar da ta ga dama ta ce nono ya gyaru, yaron ba shi da ƙarfin ja. Bai cika wata ɗaya a duniya ba. A zaman makoki na ji ta da kunnena tana gaya wa mata cewa Allah ne ya taimaka, da ya sha nonon nan da ko sunan ba zai gani ba. Su kuma suna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Bayan shekara uku aka yi min waya da yamma, ƙanwata ta sake saukewa, namiji. A lokacin ina goyon autata, wata goma, ɓul-ɓul da ita, in na sauke ta daga baya sai na ji kamar an raba ni da buhu. Na yi sammako, mota ta ajiye ni a Gwiwa, na hau acaɓa. A bayan babur ɗin nan na gama ƙulla abin da zan yi, har ina murmushi ni kaɗai. Na rantse wannan yaron sai ya sha nonon uwarsa, ko da zan bar garin ba mai gaishe ni.

Wanda na fara gani shi ne angon ƙarni, mijin ƙanwata. Fataucin awaki yake yi, yana kai su kasuwar Babura. Na same shi tsugune a turke, ya maƙale ƙafar wata akuya a hammata, yana cusa mata bakin ɗanta a hantsa. Ashe ita ma jiya ta haihu, kuma ta ƙi ɗan. Gumi yake yi sosai, yana lallaɓa ta kamar amarya.

"Barka da arziki," na ce. "Har kashi biyu."

"Barkanmu dai, Yaya. Wallahi tun asuba nake fama da ita. In ɗan akuya bai samu dakashin nan ba, ba ya yin ƙwari. Kwana kaɗan sai ki ga zawo ya kwashe shi."

"Haka ne. Naka fa, ya samu?"

Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kai kan akuyarsa. "Ai wannan harkar mata ce, Yaya."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Mutumin da ya haƙa wa ɗansa na fari rami da hannunsa ke nan. Duk ilimin yana nan cikin kansa, cif, amma a turke ya ɗaure shi tare da awaki. Na wuce ɗaki, don abin da ya zo min baki ba na gaya wa suruki ba ne.

A ɗaki na tarar da abin da na zata. Yaron ya kwana ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan ɗumi a cokali. Kukansa ya dushe, leɓɓansa sun bushe, yana ta juya kai yana neman abin da aka hana shi. Uwarsa tana kwance ta ba shi baya, ta juya fuska bango, ƙirjinta ya cika ya yi tauri har ya jiƙa mata riga. Ƙanwata mai shiru ce tun tana ƙarama. In an mare ta a kunci, sai ta tambaya ko hannun bai yi ciwo ba. Ta ce min, "Sannu da hanya, Yaya," ba ta ƙara ba.

Da hantsi ya dubi ludayi mata suka fara shigowa, kowa da zanen fita, kai ka ce rabon gado za a yi. Gwaggo ce ta ƙarshe, don manya ba sa jira. Ta zauna a kujerar tsugune, ta kwance bakin zane ta fito da kwalin ashana. A ciki take tsare likitar tata. Ta ɗauki autata ta juya ta, ta matsa cinyarta.

"Tubarkalla. Kun ga aikin nono mai kyau. Da ma ke kika raba wa ƙanwarki."

"Allah ya sa, Gwaggo," na ce, na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki.

Ta miƙo min ludayin. Muka shiga bayan labule. Ƙanwata ta kai hannu za ta ɗaga riga, na riƙe mata hannun, na ɗaga tawa. Ta zuba min ido tana kallo har na tatsi abin da ya rufe gindin ludayin. 

Gwaggo ta karɓa ta karkata shi wajen hasken ƙofa, ta taɓe baki tun ba a je ko'ina ba. Wai ita da ta shekara arba'in tana kallon nono, ba ta ga bambancin na mai jegon jiya da na mai goyon wata goma ba. Ta buɗe kwalin, ta kamo tururuwar da faratanta masu kaushi, ta matse ta yadda ko ni aka yi wa wannan riƙon ba zan yi iyo ba, ta jefa. Mata suka miƙa wuya. Baiwar Allah ta zagaya sau biyu, ta kife.

"Irin na wancan karon ne," in ji Gwaggo. "Ya ma fi shi dafi. A tatso akuya."

Nan na miƙe. Na daɗe ina jiran wannan lokacin, har na ji daɗinsa a bakina.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Nonon nan nawa ne. Shi ne wanda kika gama yi wa tubarkalla yanzu. Yara huɗu ya raina, ga ta huɗun nan a cinyarki."

 Na ɗauka za ta daburce, ko ta yi borin kunya ta fice, mata su yi ta dariya. A bayan acaɓa haka na tsara. Ashe ban san da wa nake yi ba. Ko gezau ba ta yi ba. Ta sauke autata daga cinyarta a hankali, kamar wadda aka ce mata yarinyar tana da ƙyanda.

"Ikon Allah. Ashe a jininku yake. To 'yar nan, ki gode wa Allah da ya kawo ki. Naki ma ya juya. Ki cire yarinyar nan daga nono yau ɗin nan, tun bai kai ta ƙasa ba."

Wallahi kafin ta rufe baki sun karɓa. Wata ta ce ita da ma tun shigowarta ta ga idon yarinyar ya yi wani iri. Wata ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Yarinyar da suka gama yi wa wasa, suna cewa a ba su aronta. Manyan mata, da jikoki, da carbi a hannu, ga yarinya tana ɓangala musu dariya, ga gawar ƙwaro a ludayi, suka zaɓi ƙwaron. Na fara magana, murya ta hau, na ce abin da na ce, har da wanda bai kamata ba. Ba wadda ta saurare ni. An riga an ce 'yar birni ce, ta zo da rashin kunya. Na ji an ce wa wata ta ɗauko ƙwarya ta nufi turke. Dabarata ta tashi a banza, ta ma ƙara musu hujja.

Ina cikin wannan haƙilo na lura kukan yaron ya tsaya. Na juya da sauri.

Ƙanwata ce ta tashi zaune. Ba wanda ya ga lokacin da ta ɗauke shi. Ta ɗaga riga a gaban surukanta, babu labule babu mayafi, ta sa masa a baki. Ya laluba, ya kuskure, ya sake laluba, ya kama. A shirun da ɗakin ya yi har haɗiyarsa ana ji.

"Ke, kin haukace ne?" in ji Gwaggo. "Cire shi."

Ƙanwata ba ta ɗago ba. Muryarta ma ba ta canza ba.

"Gwaggo, wancan na ba ku. Wannan ku bar min."

Gwaggo ta ce duk abin da ya biyo baya a wuyanta, ita ta wanke hannunta. Ta mayar da kwalin ashanarta bakin zane, ta ja zugarta suka fita, kowa tana tsaki. Ba ta sake taka ɗakin ba. Ruwan wankan jego ma ta hana a dafa, ni na riƙa hura wuta safe da yamma, ina yi mata wankan da ganyen darbejiya kamar yadda na ga ana yi. Angon ƙarni ya leƙo da azahar, ya ji labari, ya sosa ƙeya ya ce Allah ya kyauta. Ya koma wurin akuyarsa.

Mata suka zuba ido suna jiran yaro ya mutu. Kullum sai wata ta shigo da sunan aron maburgi ko tambayar kaza, idonta a kan shimfiɗa. Aka yi suna yana nan. Kashinsa lafiya, maɗigarsa lafiya, in ya kama nono sai ya yi barci yake saki. Ranar da ya kwana goma na ji an ce Gwaggo tana gaya wa mutane ai saiwoyin da ta bayar shekara uku da suka wuce ne suka yi aiki sai yanzu. Ban yi mamaki ba.

Ana gobe zan koma Kazaure, da la'asar, muna zaune mu biyu a ɗaki, tana shayar da nata ina shayar da tawa. Raina fes. Na shiga ba ta labarin abin da ta gani da idonta, ina kwaikwayon yadda Gwaggo take taɓe baki, ina cewa ai ni tun a hanya na san tururuwar nan ko a ruwan zamzam aka jefa ta mutuwa za ta yi. Na ce jahilci ne zalla, wanda duk ya haihu a asibiti ya san ƙarya ce. Ina ta zuba, ina jiran ta yi dariya.

Ba ta yi ba. Ta gyara wa yaron kai a hannunta, ta share masa gefen baki da bakin zane.

"Yaya."

"Na'am."

"Wancan karon ma kin sani?"

Ba da faɗa ta tambaya ba. So kawai take ta ji. Na buɗe baki in ce lokacin ina jin nauyin surukanta, in ce baƙuwa ce ni a gidan, in ce kara na yi, kada a ce yayar amarya ba ta da ta-ido. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda na iya furtawa. Wancan karon ina goyon na ukuna, na san komai, na karɓi ludayin da hannu biyu har da rusunawa.

Ta jira ni kaɗan. Da ta ga ba zan ce komai ba, sai ta juya yaron ta ba shi ɗaya ɓangaren.