Littafin da Baba ya ɗora a saman kanta

A unguwar Mansur, can garin Ka'aba, na zauna shekarar da na zo aikin shara da digirina a jaka. Ɗaki ɗaya muke da wani dattijo Basakkwace, wanda ya zo aikin hajji tun da jimawa bai koma ba. Shi ya ba ni wurin kwana, kuma da shi nake cin abinci a faranti ɗaya. Baba nake kiransa.

A wani shagon tsofaffin kaya a unguwar Rusaifa na sayi littafin, fassarar Larabci. Ci gaba ne na wani fim da na kalla a jami'a, kan mutanen da aka ƙera a masana'anta don su yi wa wasu aiki. Fim ɗin ya ƙare suna gudu. Ina so in san ko sun tsira. Wataƙila don iƙamata, takardar izinin zama, tana hannun kafili, ubangidan da ya kawo ni aiki, shi ya sa abin ya dame ni haka, ban tabbata ba.

Baba ba ya karanta Larabcin zamani. Da ya ga rubutun, sai ya ɗauka littafin addini ne. Ya ɗora shi saman kanta kusa da Alƙur'ani, ba ya taɓa shi sai da alwala. Ban lura ba sai ranar da ya ce, "Malam, karanta mana, mu sami albarka."

Na gaya masa gaskiyar abin da ke cikin littafin.

"Mutum ya ƙera mutum? A garin Ka'aba?" Ya miƙe. "Haruffan Larabci ba a zuba su a bola. Kawo ashana, ƙona shi za mu yi."

Ni mai yawan cewa "ina ganin kamar" ne. Ranar ban ce ba.

"Baba, ba za a ƙona ba."

"Ɗan boko, a ɗakina?"

"Ɗakinka ne. Littafin nawa ne, kuma ban gama ba."

"Halas, shi ke nan, ci da mutanen littafin naka. Su ba ka tuwo."

Ya ja farantin gabansa. Na ji tsoro ƙwarai, don ban san kowa ba a garin. Duk da haka na cusa littafin cikin rigata, na ɗauki tabarmata na koma baranda.

A Arfa na ƙarasa shi, da aka kai mu aikin shara, lokacin hutun rana, ina zaune kan buhun shara. Wasu cikin mutanen da aka ƙera sun tsira. Baba bai sake kirana cin abinci ba, ni ma ban roƙa ba.