Baƙin Mai a Birki

Jiya da safe wata tsohuwar tasi ta tsaya a layinmu na Daɗin Kowa tana ɗaukar 'yan makaranta, birkinta ya saki wata ƙara kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Ina riƙe da kofin shayi, sai da na ajiye shi. Fushi ne ya taso mini, wanda ya girmi duk 'ya'yana.

A unguwar Abattoir na tashi. Babanmu yana da wata doguwar farar mota da ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa, da ita yake kwasar nama daga mayanka yana kai wa masu sayarwa a kasuwa da gidajen abinci. Kullum da yamma sai ya wanke bayanta da sabulu, amma ƙarnin bai taɓa barinta ba, har a kayan makarantarmu ana jinsa. Mamanmu kuwa tela ce. Kekenta na bakin taga, kuma idan salla ta gabato ba ka ganin tabarmar ɗakin saboda atamfofin mutane. Almakashinta ba ya yin gargada. Takan dubi mace sau ɗaya ta yanka, rigar ta zauna daidai.

Damina ce, irin ta Jos, wadda ruwa ke wuni yana yayyafi, sanyi ya shiga ƙashi. Motar ta fara 'yar ƙara da safe idan an taka birki. Baba ya ce tsatsa ce ta kwana a ƙarfe saboda laima, da an ɗan yi tafiya za ta goge. Gaskiyarsa ne, kafin ya kai bakin titi takan yi shiru. Amma bayan wasu makonni ƙarar ta daina tafiya. Ta koma siririya mai tsinin da ke sa haƙori tsami, daga nan ta yi kauri, ta zama gurnani, kamar ana jan buhun tsakuwa a ƙarƙashin mota. Tun yana kwanar masallaci mukan san Baba ne ya dawo.

Mama ce ta fara magana. Ta ce, "Malam, wannan kukan ba na da ba ne. Ko kekena idan ya canza murya ina tsayawa in duba."

Bai yi gardama ba. Ya ce shi ma yana jin fedar birkin na karkarwa a tafin ƙafarsa, ranar Litinin zai kai ta gareji. Ina so ku riƙe wannan: babana ya san mota, kuma ya san abin da ya kamata.

Ranar Lahadi akwai suna a wajen dangi, can bayan Naraguta. Da hantsi wan Baba ya iso a kan babur ɗinsa. Baba Babba muke ce masa. Shi ya riƙe babanmu bayan rasuwar kakanmu, shi ya yi masa aure, kuma a gidanmu maganarsa ba ta da amsa sai "to". Da ƙuruciya ya taɓa bin tifa a wajen haƙar kuza, tun daga nan babu abin da ke da taya huɗu da bai fi kowa saninsa ba. Baba ya matso da motar ƙofar gida, ya taka birki, Baba Babba ya toshe kunne.

"Da wannan za ka shiga taron mutane? Ka ba mu kunya a gaban surukai?"

Ya sa aka ɗauko galan ɗin baƙin mai, wanda aka juye daga inji aka ajiye don shafa wa katako saboda gara. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya sa Baba ya murɗa sitiyari, ya tsuguna ya tsiyaya man ta bayan tayoyin gaba, ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya ce, "Yaya, anya kuwa birki yana son mai?"

"Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Me ake sa wa ƙarfe? Tun ba ka san hanyar makaranta ba nake ƙarƙashin mota."

Baba ya sunkuyar da kai. Mama tana tsaye a zaure da jaririn ƙanenmu a kafaɗa, ita ma ba ta da bakin magana a gaban wan miji. Aka gwada motar a cikin layi, a hankali, ta tsaya shiru. Baba Babba ya goge hannu da tsumma, ya hau babur ɗinsa ya yi gaba.

A cikin gari ba mu ga komai ba, don Baba yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana rage gudu da giya. Mama na gaba da jariri, ni da ƙannena biyu muna baya. Bayan mun bar kwalta akwai wata gangara ta jar ƙasa, a ƙasanta tsohon ramin kuza ne da ya cika da ruwa, kore shar, wanda ko makiyaya ba sa barin shanunsu su matsa kusa da shi. Ruwa ya soma sauka. Baba ya taka birki, motar ta ci gaba da tafiyarta. Ya sake takawa, ya danna da duk ƙarfinsa har bayansa ya bar kujera. Ya ja birkin hannu, bayan motar ya juya a cikin taɓo. Ina jin Mama tana salati ƙasa-ƙasa. Da ya ga ruwan na matsowa, sai ya karya sitiyari ya nufi shingen kyarana na wata gonar dankali. Muka keta shingen, muka daki dutsen da ke bayansa.

Mama ta rungume jariri da hannun hagu, ta tokare gaban motar da na dama. Jaririn ko ƙwarzane bai yi ba. Wuyan hannunta kuwa ya karye wuri biyu.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. 'Yan jaje suka cika gida, kowa da abin da yake faɗa: wasu suka ce ramin nan dama yana da mutanen ɓoye, wasu suka ce baki ne. Baba Babba ya zauna a kan tabarma mafi kyau yana karɓar gaisuwa, yana cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa.

Da aka jawo motar gida, Baba ya kira bakanikensa, wani mutumin ƙauyukan dutse, wanda Hausarsa ba ta damu da mace ko namiji ba. Mama ta fito da hannunta ɗaure a cikin kara, ta ce sai ta gani da idonta. Baba Babba ma yana nan. Bakaniken ya ɗaga motar da jak, ya kwance taya, ya nuna faifan ƙarfen da ke juyawa tare da ita, da 'yan tafukan nan biyu da ke matse shi idan an taka birki, waɗanda suke kira fad. Sun cinye ƙurmus, saura ƙarfen bayansu, shi ne ya yi ta gurzar faifan har ya yi masa zane-zane kamar kunyoyin gona. Ya ce wannan shi ne gurnanin da muke ji, kuma da an zo da wuri, canza fad kawai za a yi. Sai ya shafa yatsa a faifan, ya duba, ya sansana.

"Oga, wane ne ya sa baƙin mai a nan? Birki yana kuka, yana gaya maka ya gaji, sai ka rufe masa baki? Mutumin da ya yi wannan, kar ka bar shi ya taɓa motarka kuma."

Na zuba wa Baba Babba ido. Yana jan carbinsa, yana kallon kajin maƙwabta.

Baba ya ce, "Ni ne na sa."

Mama ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya ta shiga ɗaki.

Gyaran bai ɗauki wani lokaci ba. Aka kai faifan wajen masu injin goge ƙarfe suka daidaita fuskarsa, aka wanke komai da fetur har mai ya fita, aka sa sababbin fad, aka duba na baya, aka fitar da iska daga man birki. Motar ta ƙara shekaru tana kwasar nama, tana tsayawa cak ba ƙara. Hannun Mama ne bai koma ba. Ya warke a karkace, yatsunta ba sa iya matse almakashi. Ta gwada da hagu ta ɓata atamfar wata amarya, daga ranar ta lulluɓe keken da zani. Matar da mata ke layi a ƙofarta ta koma ƙulla gyaɗa da gishiri a leda.

Mutane suna yabon babana da ladabi, har bayan rasuwarsa ana ba da misali da shi: bai taɓa musa wa yayansa ba. Ni kuwa na san wadda ta biya kuɗin wannan ladabin, kuma ba a tambaye ta ba.

Yanzu ana kukan cewa yaran zamani ba su da kunya, suna mayar wa manya magana. Nawa ma suna yi. Wani lokaci abin yana ɓata mini rai, amma idan 'yata ta ce, "Mama, ba haka ba ne," ina tsayawa in ji dalilinta kafin in tuna mata shekaruna.

Baba Babba yana nan da ransa, ya tsufa tukuf, kuma har yau idan an je gaishe shi durƙusawa ake yi. Mama tana zaune a wurina. Idan sanyi ya sauko nakan dafa ruwa in gasa mata hannun. Kwanakin baya ina cikin gasawa na tambaye ta ko ta yafe.

Ta ce, "Babanki na yafe masa tun yana da rai, ya roƙe ni yana kuka." Ta juya hannun a cikin tawul. "Wancan kuwa har yau bai ce ya yi wani abu ba. Me zan yafe?"